Yawun Aro

A unguwarmu ta Hausawa a Garwa ba a tambayar mutum ido da ido ko akwai ciwo a danginsu. Idan ana neman 'yarku da aure, sai dai ku ga wata tsohuwa da ba ku taɓa gani ba ta yi sallama tana roƙon ruwan sha. Ta zauna, ta yaba sharar tsakar gida, ta yi ƙorafin zafin gari, can sai ta gangaro: "Wai maigidan nan, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana jinya?" To, an zo bincike ke nan. Hauka suke nema, da farfaɗiya, da kuturta, da duk wani ciwo da ake cewa yana bin jini. Ba zan ce mu salihai ba ne, mu ma lokacin auren wana mun tura tamu tsohuwar gidan mutane.

Shekarar da nake ba da labari, autarmu ake nema. Ni ce babbar mace a ɗakinmu, ina da rumfar atamfa a babbar kasuwa, aurena ya mutu tuntuni na dawo gaban mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada. Auta malama ce a makarantar ƙananan yara, kuma ta samu wanda take so, wani saurayi mai sayar da kayan babur, danginsa 'yan kasuwar Kusiri ne da suka zauna a Garwa. Son nan ba ɓoyayye ba ne. Yarinyar da ko shinkafa ta ɗora sai ta kama, sai ga ta tana bina wai in koya mata irin miyar da ake yi a gidansu. An kawo gaisuwa, an karɓa, amma sa rana ya gagara. Kullum amsa ɗaya ce, sai goggonsa ta gama abin da take yi. Goggon nan yayar ubansa ce, wata doguwar Hajiya mai haƙorin Makka, ita ke yanke komai a gidansu, kuma kowa ya san binciken a hannunta yake.

Mu kuwa muna da abin da muke rufewa. Hawan jini, wanda a nan muke ce wa tansiyo. Dada ta yi shekara da shekaru tana shan ƙwaya. Yayyenta maza biyu da shi suka tafi. Ɗaya ya faɗi yana alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, ɗayan ya kife a kasuwar Pitowa yana tsaka da cinikin rago. Dada ta ce wa duniya na farkon jifansa aka yi, na biyun kuma rana ce ta buge shi. Ƙwayarta a gwangwanin shayi take zama, ƙarƙashin ganyen, kuma ba a farmasin unguwa ake sayenta ba. Ni nake hawa moto, wato babur ɗin haya, in tafi can wani ɓangaren gari inda ba a san fuskata ba in sayo.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. Kafin a gama sallama maƙwabciyarmu ta tuna tana da shanya a kan katangar da ta raba mu. Mata biyu ne suka shigo. Ɗaya likita ce daga kudu, gajeruwa mai tabarau, ba ta jin Hausa ba ta jin Fillanci, sai Faransanci. Ɗayar 'yar gari ce, ita ke mata tafinta. Ina ganin mai tafintar nan na san na taɓa ganinta a wani biki, amma bikin wa? Na yi na yi na kasa tunawa, kuma tun daga nan hankalina bai kwanta da ita ba.

A asibiti suka samu sunan Dada, cikin masu zuwa awon tansiyo. Na yi makaranta daidai gwargwado, don haka na ji bayanin likitar da kunnena kafin a fassara. Ta ce a cikin yawun kowane mutum akwai wani abu kamar rubutu da ya gada, rabi daga uwa rabi daga uba. Suna tara na mutane da yawa, 'yan'uwa da bare, na'ura ta duba su wa da wa rubutunsu ya fi kama, sannan a duba ko tansiyonsu ma ya yi kama. In waɗanda suka fi kusa a rubutun su ne suka fi kusa a tansiyo, to gado yana da hannu sosai. In kuwa ba haka ba, to a koma kan gishiri da kanwa da damuwar duniya. Abin da za su fitar a ƙarshe ƙiyasi ne na jama'a gaba ɗaya, wato a bambancin da ke tsakanin mutane nawa ne na gado nawa ne na zama. Ta nanata cewa ba zai ce wance za ta kamu ko wance ba za ta kamu ba.

Dada ta saurara har ƙarshe, ta dubi mai tafinta ta ce, "Tambayar mini ita, 'yar nan. In ba gidana take nema ba, me ya kawo ta gidana?"

Likitar ta yi dariya. Ni dai ban ga abin dariya ba. Ta ce gidaje da yawa suke shiga, har mai unguwa ya sani. Sai ta hau tambayoyi. Wa ya rasu, da me ya rasu, yana da ƙarfinsa ko ya tsufa, shin Dada da babanmu auren zumunci ne. Wallahi tambayoyin tsohuwa mai roƙon ruwa ne sak, sai dai wannan a mota ta zo.

Ni da za a bi tawa, da mun ce a'a. Mu da muke binne gashin da muka taje da farcen da muka yanke don kada ya faɗa hannun mugu, yau a ce mu tofa yawu a kwalba mu miƙa wa baƙuwa ta tafi da shi ƙasar Turawa? Amma Dada ta riga ni lissafi. In muka ƙi, maƙwabciya tana kan katanga, kafin la'asar an ce gidan su wance sun kori likita don suna da abin ɓoyewa. Ta tofa, na tofa, aka kira wana daga garejinsa ya zo yana ƙunƙuni ya tofa. Aka ɗaura mana abin awo a dantse ɗaya bayan ɗaya. Auta tana makaranta, suka ce za su dawo dominta.

Motar na tashi Dada ta ja ni ɗaki. Ta ce, "Wannan mai fassarar, daga gidan Hajiya take."

Na ce, "Dada, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Sai an gaya mini? Ba ki ga yadda take leƙen ɗakin auta ba? Ni nawa ya riga ya fita, asibiti sun tona. Amma na yarinyar nan sai ya fita tas."

Muna da 'yar haya a ɗakin da ke kusa da zaure, wata budurwa Kirista daga duwatsun Mokolo, tana sana'ar suyar ƙosai a bakin titi. Sa'ar auta ce, tsayinsu ma ɗaya. Ta sha ba mu labarin kakarta da har yanzu take hawa dutse da tulu a ka, babu wanda ya san shekarunta. Dada ta ce ai irin wannan jinin ake nema. Na ce, "Haba Dada, na'ura ce fa, ba tsohuwa ba ce da za a rufe ta da fura." Ta ce in rufe mata baki, yawu yawu ne, duk fari ne a kwalba.

Ran da za su dawo, Dada ta aiki auta gidan wata ƙanwar babanmu da saƙon da ba shi da kai. Ta kira 'yar Mokolo ta zura mata hijabin auta, ta tura ɗan gicciyen da ke wuyanta cikin riga. Baiwar Allah ta ɗauka wasa ne, sai dariya take ƙunshewa. Da aka tambaye ta shekarunta Dada ta amsa, aka tambaye ta ko tana ciwon kai Dada ta amsa. "Kunya gare ta," in ji Dada, don Hausarta ta 'yan dutse ce, in ta buɗe baki an gama. Ta tofa, aka auna ta, likitar ta gyaɗa kai ta ce lafiya lau. Mai tafinta kuwa na ga ta daɗe tana kallon ƙafafun yarinyar, masu kaushin tsayuwa gaban kasko. Ko ta gane, ko kallo ne kawai, har yau ban sani ba.

Da auta ta ji abin da aka yi ta yi fushi, ta ce ita ba ta aiki kowa ya yi mata ƙarya ba. Amma fushin bai daɗe ba, domin abubuwa sun fara tafiya. Damina ta shigo, kogin Binuwai ya cika, Hajiya da kanta ta tako gidanmu ta sha shayi, ta kira auta 'yata. Aka fara maganar sa rana bayan Babbar Sallah. Dada ta riƙa kallona ta gefen ido, wai ga aikin manya. Ni ma har na fara sakin jiki, na ware wa auta turamen da suka fi kyau a rumfata.

Sai motar ta dawo. Wannan karon likitar ta ce a shiga ɗaki, ta sa aka saki labule. Ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai kwalba ɗaya da suke so a sake, ta ƙaramar. Dada ta ce me ya same ta. Likitar ta ce wataƙila kwalabe ne suka cakuɗe a wurinsu, yana faruwa, domin na wannan bai haɗu da na Dada ba, bai haɗu da nawa ba, bai haɗu da na wana ba. Ta ce laifinsu ne, kada mu sa komai a rai. Dada ta ce yarinyar ta yi tafiya. Suka ce ba komai, suka tafi.

Mu huɗu ne a ɗakin nan. Ni, Dada, likitar da ba ta jin yaren kowa a unguwar, da mai tafinta. Direba yana waje, maƙwabciya tana inda ta saba. Amma kafin mako ya zagayo, wata mai sayen atamfa ta tsaya a rumfata tana juya turmi, ta ce, "Ashe ƙanwar nan taki riƙo ce? Na ji an ce na'urar Turawa ta ce ba jininku ba ce." Na ce ta ajiye mini kayana ta bar nan kafin in manta girmanta.

Abin da ya ba maganar ƙafa shi ne, ba a Garwa aka haifi auta ba. Babanmu ya yi wasu shekaru yana harkar shinkafa a Yagwa, Dada ta bi shi, mu aka bar mu wurin kaka. Ta dawo da jaririya a baya, a shekarun da kowa ya ɗauka ta gama haihuwa. Babu wanda ya ga cikin a unguwa. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya tuna da wannan, yanzu kowa ya tuna. Wasu suka ce tsintar ta aka yi a bakin kogi, wasu suka ce 'yar wata mai aikin gona ce da ta mutu. Babanmu da zai buɗe baki ya kashe maganar yana ƙasa. Ciwo a dangi abu ne da ake iya rufe ido a kai in an ga dama, amma yarinyar da ba a san asalinta ba, babu gidan da zai ɗauka. Saurayin ya rage zuwa. Auta ta daina cin abinci, ta daina yi wa Dada magana sai gaisuwa.

Na je har asibiti na nemi likitar. Na gaya mata gaskiya, na ce ta zo ta ɗauki yawun auta na ainihi, ta ba mu shaida mu kai wa mutane. Ta cire tabarau ta riƙe kai. Ta ce za ta iya ɗauka, amma sai ya yi watanni kafin a duba, kuma ko an duba ba sa ba kowa sakamako, aikinsu ba na tantance 'ya'yan mutane ba ne. Na ce to wa ya fitar da maganar? Ta rantse ba daga wurinta ba. Mai tafinta tana tsaye tana kallon ƙasa. Na dube ta na ce, "Ke, a bikin wa na san ki?" Ta ce ita ba ta taɓa ganina ba. Ƙarya take ko gaskiya, Allah Ya sani, ni dai ban yarda da ita ba, kuma ban yarda da direban ba, ban yarda da maƙwabciya ba. Har 'yar Mokolo sai da na zarga, don mai suyar ƙosai bakinta ba ya hutawa da masu saye.

Dada ce ta yanke shawara. Wata safiya ta yi wanka ta saka mayafinta na fita kunya, ta ɗauki gwangwanin shayi, ta ce ni da auta mu biyo ta. Gidan Hajiya muka nufa. Aka shimfiɗa mana darduma, aka gaisa gaisuwar da ba ta da ɗumi. Dada ba ta yi kwana-kwana ba. Ta buɗe gwangwanin ta zazzage ƙwayoyin a gaban Hajiya, ganyen shayi da komai.

Ta ce, "Hajiya, ga abin da na ɓoye miki. Tansiyo gare ni. Yayyena biyu shi ya kashe su, ba jifa ba ne, ba rana ba ce. Ina tsoron kada ki ji ki fasa, shi ya sa na sa 'yar hayarmu ta tofa a madadin yarinyar nan. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, wadda ta tofa ba jinina ba ce. Amma wannan da ke zaune, ni na haife ta a Yagwa, na kwana biyu ina naƙuda."

Matar da ta yi shekaru tana ɓoye ƙwaya ko a gabanmu ba ta son sha, yau ga ta tana baje ta a gaban surukai. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni.

Hajiya ta kalli ƙwayoyin, ta kalli auta tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "To. Labari ne mai daɗi. 'Yar haya kuma ai abin da mai gida ta ce shi za ta faɗa." Na buɗe baki zan yi magana Dada ta take mini ƙafa.

Ta ce wa Hajiya, "Ki tashi mu je farmasi a auna ta a gabanki. In jinina ce, za ki gani."

Na ce, "Dada, ba haka abin yake ba. Likitar ma ta ce ba ya nuna na mutum ɗaya."

Babu wadda ta ko waiwaye ni. Hajiya ta riga ta jawo mayafi, don ita ma abin da ta yarda da shi ke nan, abin da ke jikin uwa yana jikin 'ya. Auta ta ce mini, "Adda, ki bar su," da wata murya da ban san ta da ita ba.

Farmasin bakin titinsu muka shiga, da mutane a ciki suna jiran magani. Mai farmasin ya zaunar da auta a kujera ya naɗa mata abin awon. Ta kwana biyu ba abinci ba barci, ga idon jama'a a kanta. Abin ya fara kumbura yana matse mata dantse. Na dubi Dada na ga leɓɓanta suna motsi. Addu'a take. Na san me take roƙo, so take awon ya hau.

Mai farmasin ya duba, ya ɗaga gira. Ya ce ya hau, ya hau sosai ga mai shekarunta.

"Alhamdu lillahi!" in ji Dada, da ƙarfi, har waɗanda ke bakin ƙofa suka juyo. "Kin gani, Hajiya? Kin gani? Tawa ce!"

Mai farmasin ya ce a dakata, tsoro ma yana sa ya hau, a bar ta ta huta kaɗan ya sake aunawa. Dada ta riƙe masa hannu. Ta ce, "A'a, ɗana, kada ka sake. Wannan ya isa."

Hajiya ta gyara mayafinta a hankali. Fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi, haƙorin Makka ya fito. Ta ce, "Taki ce, yanzu kam babu ja. Duk wanda ya sake cewa tsintacciya ce, ni zan amsa masa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ta mijin da ya fi namu."

Dada ta ce, "Amin, amin," tana dariya tana share hawaye, don farkon maganar kaɗai ya shiga kunnenta. Ni na ji ƙarshen, auta ma ta ji. Ta sa hannu ta ɓalle abin awon da kanta, ta ajiye a kan teburin mai farmasin, ta fita ba ta jira mu ba. Muna tsallaka titi Dada ta tsaya cak a tsakiyar masu moto, ta kama hannuna ta ce, "Me ta ce? Wane mijin?"